Inda Ido Ba Ya Kaiwa

Ran Talata aka jawo ta daga hanyar Bajoga,
tsohuwar tifa, tana ɗigar baƙin mai kamar mai haɓo.
Bappayo direba ya dafe ƙeya:
"Ta buga. Ko tari ba ta yi min ba."

Muka sauke injin da sarƙa a gindin darbejiya,
ni da yarona Ajuji.
Fistin shida muka jera bisa buhun siminti,
karanshaf a gefe, sai ka ce ƙashin bayan raƙumi.
Bulok ya rage shi kaɗai, tsirara,
yana kallon sama da ramuka shida.

Kananzir, burushin waya, tsumma.
Kwana biyu muna masa wanka.
Dagwalo ya fita, garin ƙarfe ya fita,
na bi jijiyoyin mai da tsinke, ɗaya bayan ɗaya,
har iska ta shiga nan ta yi fito a can.

Sai ga ja.

Can ƙurya, inda fitilar waya ke kaiwa da ƙyar,
jan fenti, sumul, ko ƙwarzane babu,
sawun burushi ya karkata baibai.
Bahago ne ya shafa.
Bahago ɗaya na sani a garejin Tashar Dukku
mai kashe yini guda a inda ido ba ya kaiwa:
Oga Lamela, mutumin Billiri,
mai goro a kunci da fensir a kunne.

Ina ɗan wanke sifana ya ce da ni,
"Ƙarfen nan cikin yashi aka haife shi,
kuma bai manta ba.
In ba ka rufe masa fata ba
zai dinga tofa yashi cikin mai,
kaɗan yau, kaɗan gobe,
har ya lashe karanshaf.
Tsatsa kuwa ba ta sallama."

Na taɓa yin gaggawa, na shafa a kan maiƙo.
Fenti ya saɓule kamar ɓawon gyaɗa,
ya toshe rariyar famfo,
mota ta tsaya da buhunan wake a hawan Kaltungo.
Bai zage ni ba, da ma ya zaga.
Galan ɗin kananzir ya miƙo min. "Sake."

Damina sha ɗaya ke nan da muka raka shi gida,
ƙasa ta rufe idon bahago.
Ga hannunsa nan, bai saki ƙarfe ba.

Bappayo ya dawo da la'asar, ya leƙa gwangwani:
"Fenti a ciki? Wa zai gani?
Shafa min a bodi, mutanen Kumo su san na yi gyara."
Na ce, "Mai zai gani.
Shi ke hawa, shi ke gangarowa,
in ya sami santsi ya koma gida da wuri."
Ya yi tsaki, ya tafi neman shayi.

Na toshe ramukan kusoshi da takarda,
na lulluɓe mazaunin gaskit.
Silinda ba ta shan fenti, rabonta mai,
na shafe ta da shi, na cusa tsumma.
Inda na Oga ya kama, ban kankare ba.
Inda ƙarfe ya fito fili na bi,
siriri, ba zuba ba, ba ɗigo,
nawa daga dama, nasa daga hagu,
suka haɗu a tsakiya kamar musafaha.

Jibi, in ya bushe har farce bai kama shi ba,
za mu ɗaure, mu ja kusoshi,
duhu ya koma ɗakinsa.
Wata tara, shekara ashirin, wa ya sani?

Ajuji na riƙe da fitila, hannu ya gaji.
"Matso da ita," na ce.
"Nan, bayan wannan haƙarƙarin, na bar wuri.
Goge hannunka tukuna.
Ungo burushi."